Zanen Gidan Tagwaye

Wadata, Yamai
Farkon watan Maris

Zuwa ga ƙanwata Iklima, lokotoro, wato likita, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan mun gode Allah. Mahaifiyata Inna Balki gwiwar ce dai take damunta, amma har yanzu a tsaye take sallarta. Raliya cikinta ya shiga wata na bakwai, ƙafafu sun kumbura, ban da wannan ba komai. Kasuwa tana nan yadda kika bar ta, teloli suna sayen zare da shadda, zafi kuwa ya soma.

Gaisuwa ta ƙare nan. Na toshe layinki a wayata, ai kin gani. Na yi haka ne don na san kaina. In na ji muryarki zan faɗi abin da har mu shiga kabari ba zai gyaru ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba direban kar, motar fasinja, ya kawo miki. Kuma kada ki ɗauka wasan taubasai ne. Kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito, kin saba zagina ina dariya. Wannan ba shi ba ne.

Da kika zo Yamai lokacin sanyi don taron ƙungiyarku ta masana garkuwar jiki, a gidana kika sauka, ban bar ki kin kwana otal ba. Kin zauna gaban Inna kina dama mata fura kina tambayarta wa ya haifi wa, wa ya auri wa, ɗan wa ya rasu yana goye. Tsohuwa ta saki baki har kan kakan kakanmu. Da kika fita ta ce mini, "Ka ga ɗiyar kirki, duk bokonta ba ta yar da zumunci ba." Har ƙwalla ta yi don daɗi.

Ashe zane kike haɗawa. Ashe washegari kin tsaya gaban lokotorori cike da ɗaki, kin haska gidanmu a bango. An ba ni labarinsa kamar ina wurin. A sama tagwaye maza biyu da suka auri ya da ƙanwa. A ƙasa ɗan wannan ya auri ƴar wancan, wato ni da Raliya. A ƙarƙashinmu ƴaƴa mata uku, sai akwati biyu baƙaƙe da aka soke da layi. Salim ke nan da Faruk, ƴaƴana da na binne da hannuna. A gefe kuma kin rubuta: asalin Maraɗi, mazauna Yamai.

Iklima, wane ne ya sha ruwan Maraɗi bai san Alhaji Hassan da Alhaji Housseini ba? Tagwaye nawa ne a garin suka auri ya da ƙanwa rana ɗaya, suka kuma haɗa ƴaƴansu aure?

A cikin ɗakin nan akwai Lokotoro Harouna, kawun Nassirou, yaron da ke neman ƴata Hafsat. Bai kai gida ba sai da ya biya wajen ƴar uwarsa. Dattawan da za su kawo goron sa rana sun aiko cewa a ɗan dakata. Ke ma kin san abin da ake nufi da a ɗan dakata. Hafsat ta daina zuwa ko ƙofar gida. Shekaranjiya wani tela da nake ba kaya shekara da shekaru ya rage murya ya ce mini, "Alhaji, ashe ciwon gado gare ku? Allah shi sawwaƙe."

Kin ci tuwona kin tona asirina. Ba tambayarki nake yi ba, gaya miki nake.

Yayanki,
Abdoulkarim


Damagaram
Tsakiyar watan Maris

Yaya Abdoulkarim,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karɓa a tashar kar. Muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi mura ya warke. Ka gaishe mini da Inna, ta riƙa sa ruwan ɗumi a gwiwar. Raliya ta rage gishiri, ta riƙa ɗaga ƙafafun in ta kwanta. Hafsat kuma ka ce mata zancenta ya hana ni cin abinci.

Na karanta abin da ka rubuta, raina ya ɓaci, amma ba zan karɓi sunan maci amana ba. Ban sa sunan kowa a zanen nan ba. Haka dokar aikinmu ta ce: a cire suna, a cire hoto, a nemi yardar uwar yaran. Na tambayi Raliya ta yarda. Wanda ya karya doka shi ne Harouna. Abin da lokotoro ya gani a ɗakin taro a ɗakin yake barinsa, kuma na kai ƙararsa wajen shugabannin ƙungiya.

Kai kana ganin mun taru ne don mu ci naman mutane. Bari in gaya maka abin da ya tara mu. Akwai yaran da ake haifa ba su da garkuwar jiki, wato babu sojojin da ke cikin jini masu yaƙi da cuta. Murar da za ta wuce a jikin wani yaro, su ita ce ajalinsu. A ƙasar nan ana binne irinsu a ce zazzaɓi ne, ko tamowa, ko iska. Lokotororinmu da yawa ba su taɓa jin a duba wannan ba. Mun kafa ƙungiyar ne don mu koya musu alamun, mu tattara shaidar da za mu nuna wa hukuma cewa abin yana nan, mu nemi kayan awo, mu ƙulla hanya da gidajen likita na waje masu dashen ɓargo, don shi ne maganin. Ba a koyar da wannan da baki kawai, sai an nuna gida na gaske. Bayan taron nan lokotorori biyu sun kira ni, kowanne ya tuna da wani gida a garinsu.

Abin da ke tsakaninka da Raliya ba la'ana ba ce, ba laifin kowa ba ne. Kai kana ɗauke da rabin abin, ita tana ɗauke da rabi, kun gada daga kaka ɗaya. Mai rabi lafiyarsa lau. Sai yaro ya haɗa rabin uwa da rabin uba yake kamuwa, kuma a kowane ciki rabon hakan ɗaya ne cikin huɗu. Nassirou ɗan Tawa ne, bai haɗa jini da mu ba. Auren da ya fi kowane zama lafiya ga Hafsat shi ne wanda suka dakatar, kuma Harouna ya san haka in yana da gaskiya.

Yanzu ga zancen da ya fi komai. Lokacin Salim da Faruk ba mu sani ba. Wannan cikin babbar dama ce gare mu. Raliya ta haihu a matanite, asibitin haihuwa, inda Lokotoro Sa'adatu take, ƴar ƙungiyarmu ce, na riga na yi mata magana. A ɗebi jinin jaririn da wuri a ƙirga sojojinsa. Kafin sakamako ya fito a jinkirta masa allurar lamba ta damtse da ɗigon baki. Ka ji ni da kyau, waɗannan rigakafin alheri ne ga sauran yara, ni ce mai yawo ƙauye ina roƙon a yi su. Yaron da ba shi da garkuwa ne kaɗai suke fin ƙarfinsa. Sannan kada a shiga da taro kansa, kada a riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu, kada wanzami ya taɓa shi, ko aski ko cire beli.

In awo ya nuna lafiyarsa lau, shi ke nan, a yi masa komai. In ba haka ba, mun san shi tun bai kamu da wata cuta ba, kuma a nan ne dashen yake da amfani.

Ka buɗe layina, Yaya. Wannan ba zancen takarda ba ne.

Ƙanwarka,
Iklima


Wadata, Yamai
Watan Afrilu

Iklima,

Gaisuwa. Muna lafiya. Inna ta ce ba ta son ruwan ɗuminki. Raliya tana cin gishirinta.

Na daɗe ban amsa ba don na ajiye takardarki a ƙarƙashin bandir ɗin shadda sai na huce. Ban huce ba. Na sake ɗaukowa, idona ya faɗa kan inda kika ce cikin matata babbar dama ce gare ku. Madalla. Da ma na san kun gaji da matattu, kuna son mai rai da za ku haska a bango baɗi. Biyu kin soke su da layi, na ukun kina jira tun yana ciki. Allah ya tsare mini ɗa daga zama damar wani.

Kin ce kin tambayi Raliya. Ina nake lokacin? Na mutu ne? Kin sami mace a madafi tana kuka kan ƴaƴanta, kin ce mata za ki taimaki yaran wasu, ta ce to. Wace uwa ce za ta ce a'a? Kin gaya mata cewa a bango za a ga tagwaye? Waɗanda suka rubuta dokarku sun ɗauka in an goge suna an goge mutum. Wataƙila a ƙasarsu haka ne. Mu nan tsohuwa ɗaya za ki nuna wa zanen nan ta faɗa miki sunan kowa har da laƙabinsa. Ke kuma a cikinmu kika tashi, ba a Faransa ba.

Inna ta ji komai. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, "Ashe da bakina na sayar da jikokina." Tun ranar ko wa ya tambaye ta wane ɗan wa ne, sai ta ce ta manta.

Ƙarar da kika kai ta Harouna ki janye ta. Kowane zama da za su yi a kansa, sunan gidana za a sake ambata. Kin isa haka.

Ɗaya cikin huɗu! Kamar kina raba goro. Ikon Allah ne kike yanka shi gida huɗu? Na yi wa Salim duk abin da lokotorori suka ce, na yi wa Faruk, ban tsallake magani ko ɗaya ba. Mai su ya karɓi abinsa.

Ga amsata kan sauran. Raliya za ta haihu inda ta saba. Ba wanda zai ɗebi jinin ɗana. Ranar suna zan kafa rumfa daga ƙofar gidana har kwanar masu taksi, in yanka raguna biyu, in gayyaci dangin Nassirou su zauna a gaba. Moussa wanzami, wanda ya yi wa ƴaƴana duka aski, shi zai yi wa wannan. Inna za ta tauna dabino ta sa masa a baki kamar yadda ta yi wa kowane jika. Duk macen da ta zo za ta ɗauke shi ta ga lafiyayye ne. In na ɓoye shi a ɗaki kamar kayan sata, ai na sa hannu kan zanenki ke nan a gaban Wadata duka, kuma ƴaƴana mata uku su tsufa a gidana.

Kada ki sake aiko wa Raliya saƙo ta hannun kowa.

Abdoulkarim


Damagaram
Farkon watan Mayu

Yaya Abdoulkarim,

Ina gaisuwa. Muna nan lafiya, zafi ne kawai. Ina fatan Raliya tana samun barci, na san nauyin watan ƙarshe.

Wannan ce takarda ta uku tun bayan taka. Ban sani ba ko kana karantawa ko kana naɗe allura da su. Direban ya rantse a hannunka yake bayarwa.

Da na ce gare mu, ni da kai da Raliya nake nufi. Amma ka karanta yadda ranka yake so, na gaji da wanke kaina. Ƙarar Harouna na janye saboda kai, ko da yake ya cancanci abin da ya fi haka. Ƙungiya ta zauna kan zancen zanen. Daga yanzu ba a haska gidan kowa sai uwa da uba sun ga zanen da idonsu, kuma sai an sauya masa kama, ba a ambaton gari. Dokar da muka bi ba ta san Maraɗi ba, an gyara ta. Na san wannan bai dawo da goron Hafsat ba.

To yanzu ni ma bari in faɗi tawa, tunda kowa yana faɗin tasa. Ina wurin lokacin Faruk, ka manta? Na ga bakinsa fari fat kamar an shafa masa nono, ba ya iya kama mama. Na ga inda aka yi masa lamba ya zama gyambo ya ƙi warkewa. Na ji tarin nan da ba ya da ƙarfin gamawa. Kai kana waje kana karɓar sannu, Raliya ce a ciki tana riƙe da shi. Ranar sunansa mata nawa suka ɗauke shi, nawa ne a cikinsu ke mura? Lokacin ba wanda ya sani, ba laifi a kan kowa. Yau ka sani. In ka kafa rumfarka abin ya sake faruwa, kada ka ce mini Mai shi ya karɓi abinsa ka tsaya nan, domin Shi ne ya kawo maka sanin har ƙofar shago.

Kana tsoron bakin teloli. Ni ina tsoron ƙaramin likkafani. Ka zauna ka auna su.

Akwai abin da gara ka ji daga bakina. Injin da ke ƙirga sojojin jini yana labo, wato ɗakin gwajin da ake awon masu ciwon sida, don su ma irin wannan ƙirgar ake yi musu. Ba abin da ya haɗa yaronka da ciwonsu sai injin. Na faɗa maka ne kada gobe ka ce na ɓoye.

Ka tsane ni har ƙarshen rayuwarka, na yarda. Ka bar Sa'adatu ta ɗebi jinin.

Iklima


Wadata, Yamai
Ƙarshen watan Mayu

Iklima,

Raliya ta sauka lafiya, namiji. Tana samun ƙarfi, ruwan nono ya zo. An sa masa suna Shu'aibu. Inna tana fama da tari tun iskar da ta zo gaban ruwan farko. Sauran muna nan.

Kada ki ɗauka takardunki ne suka juya ni. Ranar da naƙuda ta kama Raliya na tsayar da taksi, na faɗi inda za a kai mu. Tana dafe da ƙofa ta ce wa direban ba can ba, wajen Lokotoro Sa'adatu. Na daka mata tsawa. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, biyu na baka ka kai maƙabarta. Wanga in ka kai shi, ka tona da faɗi, don tare za mu tahi." Shekara ashirin da wani abu muna tare ba ta taɓa ɗaga mini ido ba. Direban Bazabarme ne, ya ce mini kala suru, wai in yi haƙuri, ya juya kan motarsa ba tare da na ce komai ba.

An ɗebi jinin. Ni na ɗauki kwalbar a aljihuna, na hau kabu-kabu na kai ta ƙofar nan da kika faɗa. Ina fitowa na yi kiciɓis da wani ɗan dako na Wadata, ya gaishe ni har ƙasa yana kallon allon da ke saman ƙofar. Ki ƙara wannan a cikin alherin da kika yi mini.

Sai ga abin dariya. Injin naku mai daraja ba ya aiki, wai ruwan maganin da yake sha ya ƙare, ana jiran wani. Awon da aka iya yi na gama-gari kuma Sa'adatu ta ce bai raba gardama ba, sai injin, kuma za a sake ɗibar sabon jini. Wato kun hana ni abin da na sani, ba ku ba ni abin da kuka sani ba. Ranar suna ta zo ba ni da eh ba ni da a'a.

Na kafa rumfar, don na riga na gaya wa duniya. An yanka ragunan, liman ya raɗa suna a waje, aka yi fatiha. Dangin Nassirou sun zo, sun zauna a gaba kamar yadda na so. Da hantsi ya ɗaga Moussa wanzami ya shimfiɗa tabarmarsa ya buɗe zabira, mata suka taso wajen ɗakin mai jego. Wallahi har lokacin ban yanke shawara ba. Na leƙa ɗakin, na ga Raliya ta rungume shi ta juya wa ƙofa baya. Sai na ga kaina tsaye a bakin ƙofar na riƙe dogaran ƙofar biyu.

Moussa na sallame shi da hakkinsa cikakke, bai taɓa yaron ba. Ya naɗe kayansa bai dube ni ba. Mata na ce musu lokotoro ya hana. Suka ja baya suna kallon juna, kowace ta samu abin kaiwa gida.

Sai Inna ta taho da sandarta, dabinon yana bakinta ta riga ta tauna, tana danne tari.

Ta ce, "Kauce in shiga."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba yau ba."

Ta ce, "Mi ka ce?"

Na ce, "Tarin nan ne, Inna. In kin samu sauƙi."

Ta ce, "Hannun ga ya wanke ka, ya wanke matarka ran da ƙanwata ta haihe ta. Yau shi ne ƙazanta? Abdou, a gaban baƙi?"

Ban kauce ba. Ban san yadda aka yi ba, amma ban kauce ba. Ta tsaya tana dubana. Sannan ta fiddo dabinon daga bakinta, ta ƙulle a bakin gyalenta, ta juya. Matan Tawa suna gani.

Ko da aka yi la'asar ta sa an haɗa mata kayanta. Washegari ta hau kar ta tafi Maraɗi, ba ta yi sallama da ni ba. Zancen Hafsat kuwa ba sauran dakatawa, sun aiko an ba juna haƙuri.

Ga abin da na saya da maganarki. Yaron yana ɗaki da gashinsa na ciki, ba lamba, ba albarkar kakarsa, kuma ba wanda ya iya gaya mini ko akwai dalili.

Abdoulkarim


Damagaram
Farkon watan Yuni

Yaya,

Barka da arziki, Allah ya raya Shu'aibu ya yi masa albarka. Sannu ga Raliya. Na karanta takardarka a tsaye cikin tasha.

Ruwan maganin injin yana hanya. Na aika wa ƴan ƙungiya duka, wani abokin aikinmu ya samo a labo ɗinsu, an sa shi cikin ƙanƙara a kar ɗin da ya tashi jiya. Sa'adatu za ta zo gida da kanta ta ɗebi jinin, ba sai ka koma ƙofar nan ba. Ku ci gaba da rufe ɗakin. Mai shiga ya wanke hannu da sabulu, mai mura ya tsaya waje.

Abin da ka yi daidai ne, ko me awo ya nuna. Na san ba ka son jin haka daga gare ni. Na kira Inna a Maraɗi, da ta ji muryata ta miƙa wa wata yarinya wayar.

Iklima


Wadata, Yamai
Watan Yuni

Iklima,

Muna lafiya. Damina ta sauka, layinmu ya cika da taɓo. Raliya ta fara fitowa tsakar gida.

Sakamako ya fito. Shu'aibu lafiyarsa lau. Sa'adatu ta ce sojojinsa a cike suke, ba abin da ya rage masa. Ta zo har shago ta gaya mini, ina cikin auna wa wani yadi. Na saki awon, na zauna a ƙasa tsakanin bandir-bandir na yi kuka kamar yaro, a gaban mai saye, a gaban maƙwabta. Ban ji kunya ba, ai ba sauran wadda za a ji. An yi masa lambarsa da ɗigonsa. Moussa ya ƙi zuwa, sai wani wanzami na samo daga unguwar Yantala ya yi masa aski, belin kuma na ce a bar masa abinsa.

Na san kina murna. Ki yi, halal ɗinki ne. Amma ki tsaya ki ji lissafin yadda Wadata ke yinsa. Da na bar Inna ta shiga, da ba abin da ya same shi. Da na bar mata sun ɗauke shi, da sun ga lafiyayye, wataƙila da goron Hafsat ya iso. Na kori uwata a gaban baƙi saboda yaron da lafiyarsa ƙalau. Haka kowa ke faɗa, kuma ba ni da abin da zan nuna musu in ce ga abin da na tsare.

Jibi zan hau kar zuwa Maraɗi, ni da Raliya da shi. Inna ta aiko cewa kada a kawo mata shi, tunda ita cuta ce. Zan kai shi duk da haka, in durƙusa a ƙofar ɗakinta har ta gaji. Abin da nake tsoro ɗaya ne. Na san Inna, ba za ta zage ni ba. Za ta ce in yi mata alkawari ba zan ƙara ba.

Kin ce abin da na yi daidai ne. Ban tambaye ki ba, kuma layinki yana nan a toshe. Zanen wataƙila wata rana in yafe miki shi, zancen Hafsat ma in Allah ya kawo mata wani. Wanda ba zan yafe ba shi ne wannan. Uwata za ta nemi alkawari, ni kuwa ba zan iya yi mata ba, domin in Allah ya sake ba mu wani, na san zan sake tsayawa a ƙofar nan.

Abdoulkarim